Jitar da Ta Ari Ƙafata

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, a jikina ya faru, Allah ne shaida, a shekarun da nake tuƙa tasi ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, muna zaune a unguwar Flatbush ni da matata Saratu da 'yarmu Jummai. Tun ina gida nake kaɗa jita a coci, kuma ina da wani hali da Saratu ta gaji da magana a kai: ba na iya ganin abu a karkace in wuce, ko hoton bango ne a gidan mutane sai na miƙe shi.

Wata rana na kai wata dattijuwa 'yar ƙasar nan gidanta a unguwar Port Richmond, ana ce mata Mama Ruth, na taya ta shigar da akwati, sai idona ya faɗa kan wani abu a falo an lulluɓe shi da zane. Ta ce jitar marigayi mijinta ce, Mista Calvin, irin wadda ake kira pedal steel. In ba ku taɓa gani ba, ita ba a rungumarta, a kwance take kamar ƙaramin tebur. Hannun hagu yana zame guntun ƙarfe a kan wayoyi, ƙafar hagu tana taka fedoji, gwiwoyi biyu suna tura wasu libobi, wato ƙananan sandunan ƙarfe da ke rataye a ƙasa, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara murya. Kowace feda da kowace liba tana jan wata waya ko ta sassauta ta, shi ya sa kukanta yake kama da na goge. Matar ta ga na tsaya baki buɗe, ta ce in ɗauka, gara a riƙa kaɗa ta da ta zauna tana shan ƙura.

Da na kawo ta gida na buɗe bidiyon masu koyarwa, sai na ga babu abin da ya dace. Kowa saitin da suke kira E9 yake bi, wannan kuwa an sauke sautin wayoyi biyu ƙasa, libobi a gwiwar hagu kawai suke a cunkushe, murya ma da ɗan yatsa ake murɗa ta, gefen dama fayau sai ramukan kusoshi. Na ce kai, wannan tsoho ya ɓata kaya mai kyau! Can ƙasan akwatin jitar na tarar da fedar muryar, da libobin dama a cushe cikin wata tsohuwar safa wari guda. Ai kuwa na kifa jitar, na bi sandunan cikinta ɗaya bayan ɗaya, na mai da komai yadda duniya take yi.

Ranar Asabar da rana tsaka na zauna gwaji. Ni da ko waƙa ɗaya ban haɗa a kanta ba, ina ɗora ƙafar dama a kan fedar nan sai na ji ta lotsa a hankali, gwiwata ta tura liba, wani sauti ya tashi yana lanƙwasa, wallahi har tsikar jikina ta tashi. Hannuwana suna ta shirme irin na ɗan koyo, ƙafar tana bi tana gyara musu. Saratu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Baban Jummai, yaushe ka iya wannan? Ko practice kake zuwa a ɓoye?"

Na yi dariya na ce baiwa ce. Amma ni na san ban sa ƙafar nan ta motsa ba.

Daga nan abin ya bar jitar ya biyo ni. Ina cin abinci, ina zaune a coci, da an taso waƙa mai sanyi sai tafin ƙafata ta dama ya hau lotsawa, gwiwa tana kaɗawa dama da hagu, in danne ta da hannu tana turo ni. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba, wai in rage shan kofi.

To ku tuna da wace ƙafa direba yake cin abinci. Wata safiya na ɗauko wata mata da jaririnta daga filin jirgi, rediyo yana kunne ƙasa-ƙasa, aka sako wata tsohuwar waƙar coci. Sai na ji ƙafata tana danna totur a hankali, a hankali, daidai yadda take ɗaga murya a jitar. Ga tirela ta tsaya a gabanmu. Na ce wa ƙafar birki, ta ƙi, na rantse muku kamar ƙafar maƙwabci nake wa magana. Da ƙafar hagu na haye birkin, na fizgi na hannu, mota ta yi ƙara ta tsaya hancinta yana shinshinar ƙarfen tirelar. Matar tana ihu, jariri yana tsala kuka, ita kuwa ƙafar ba ta daina bin waƙar ba sai da na kashe rediyon.

Saratu ta ce ko in mayar da abin nan inda na ɗauko, ko ta kira masu kwasar shara. Na loda ta a but ɗin mota na nufi Port Richmond, ƙafar hagu ce ta kai ni.

Ban gama bayani ba Mama Ruth ta daina kallon fuskata, ƙafata take kallo, ta toshe baki da hannu. Ta ce ciwon suga ne ya sa aka yanke wa Mista Calvin ƙafar dama daga saman gwiwa. Da ya dawo daga asibiti shi da kansa ya kwashe komai ya mayar hagu, ya sauke wayoyin nan don su yi masa aikin gwiwar da babu, ya cusa libobin dama a safar ƙafar da aka yanke. Ya ci gaba da kaɗawa shekara da shekaru, amma har ya rasu yana cewa akwai wani sauti da ya tafi da ƙafar.

"Ɗana," in ji ta, "kafin ka cire libobin nan, kaɗa mini sau ɗaya."

Tsoro ya cika ni, amma ban iya ce mata a'a ba. Na harhaɗa jitar a tsakar falonta na zauna, ƙafar ta karɓi aiki, har da wasu lanƙwase-lanƙwasen da ban taɓa ji ba. Tsohuwar nan ta rufe ido tana bin waƙar, hawaye yana zuba, tana kiran sunansa.

Da aka gama na kifa jitar na ɗauko sukudireba. Ina kwance kusoshin ƙafata tana karkarwa tana dukan ƙasa, har sai da na durƙusa a kanta. Kusa ta ƙarshe tana fita, wata waya ta yi kuka ita kaɗai babu wanda ya taɓa ta, ni kuma na ji wani zafi ya zagaye cinyata a saman gwiwa kamar an ɗora wuƙa mai wuta. Sai tsit. Na motsa yatsuna, suka amsa. Mama Ruth ta tattara libobin ta mayar cikin safar.

A can na baro jitar. Ƙafata ta dawo tawa, sai dai har yau ba na kunna rediyo a mota, kuma duk lokacin sanyi wurin nan a cinyata yana yi mini zugi. Ban san mene ne ya shige ni ba, ban kuma nemi sani ba. Abin da ya fi tsoron damuna shi ne fuskar Mama Ruth, domin mutumin ya samu ƙafarsa bayan ya mutu, ni kuma na durƙusa a gaban matarsa na sake yanke masa ita da hannuna.

Don haka, 'yan'uwa, in kayan mamaci ya shigo hannunku kuka ga an saita shi a karkace, don Allah ku fara tambayar dalili kafin ku ɗauko sukudireba.