Sunan da Kulu Ba Ta Faɗa

Duk wanda ke cin kasuwar Malumfashi ya san daddawar Kulu. Daga Ƙarfi take kawo ta, ba ta algus, kuma ba ta da yawan magana. Gwaggona ce, a hannunta na tashi, amma ban taɓa jin ta ambaci sunan ɗanta na fari ba. Abdussamad har ya yi gemu, ita dai "wancan" take ce masa. Kunyar ɗan fari kenan irin ta mutanen da, son yana ciki, baki ne ba ya faɗa.

Da damina 'yan bindiga suka harbe shi a gonar masararsa. Kulu ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

Ana cikin zaman makoki wasu samari masu fararen kaya suka zo gaisuwa. Wa zai kori mai ta'aziyya? Suka ce wani Alhaji zai sa a yi wa mamacin saukar Alƙur'ani a Funtuwa, sai dai malaman suna son jin sunan daga bakin uwa. Ɗayansu ya kara mata waya. Da ƙyar ta faɗa, muryarta ta karye, kukan da ta danne ya ƙwace mata. Ina zaune a wurin, ni ma har godiya na yi wa 'yan banzan.

Saukar ba mu ji labarinta ba. Abin da muka ji, da zaɓe ya matso, muryar Kulu ce a lasifikar motar kamfen: sunan, kukan, sai kiɗa, sai wani ƙato yana cewa a zaɓi Alhajin don share hawayen iyaye. Motar ta zaga Ƙafur, ta zaga kasuwa, har gaban tirenta. Yara suka haddace, suna kwaikwayon yadda muryar ke karyewa. Wallahi ranar na ji kamar in haɗiye zuciya.

Na raka ta ofishin kamfen ɗin. Wani saurayi ya ce ai taimakon al'umma ta yi, ya miƙo mata atamfa mai hoton ɗan takara. Ko kallonta ba ta yi ba.

"Yaro, sau ɗaya na kira shi a duniya," ta ce, "shi bai ji ba, kun sa kowa ya ji."