Ranar da Lambobin Makiyaya Suka Zama Iri Ɗaya

Aikin nan ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Ni firamare ma ban ƙarasa ba. Abin da na iya shi ne tuƙa babur da sanin hanyar rugage, shi ya sa ofishin kula da dabbobi a Kazaure ya ɗauke ni ɗan aike. Duk lokacin rigakafin shanu ni ke bi ruga-ruga, daga Roni har Gwiwa, ina cewa a fito da dabbobi ran kaza. Haka na yi ta yi har bayana ya lalace.

Sai aka ce sauƙi ya zo. An zuba sunayen makiyaya da lambobin wayarsu a wani shafin intanet. In an danna wani wuri, sai su sauko kwamfuta cikin tebur mai gida-gida, a buga mini a takarda, in zauna in yi ta kira.

A shekarar, allurar ciwon huhu ta iso a makare, bayan girbi, makiyaya na ɗaure kaya za su yi kudu. Wanda bai ji ba, haka zai tafi da shanunsa ba allura.

Hajiyar da ke riƙe da kwamfutar ofis, sa'ar yayata ce, ta danna, ta buga, ta miƙo mini. Sunaye lafiya lau. Amma lambobin yawancinsu kusan iri ɗaya, gajeru, da wani harafi a tsakiya.

Na ce, "Hajiya, mutanen nan waya ɗaya suke aro ne?"

Ta gyara tabarau. "Malam, bakinka dai ba ya hutawa. Kawo nan."

Ta duba, ta yi salati. Ashe teburin ya ɗauki lambobin waya kamar ƙidayar buhuna. Masu tsawo ya dunƙule su, masu farawa da sifili ya cinye sifilin.

Na ɗauki makullin babur. Ta ce, "Ina zuwa?"

"Gwiwa. Gara in fara tun yanzu."

"Da wane bayan? Zauna, don Allah."

Na zauna. Ta kira mutumin da ya haɗa shafin, ya yi mata bayani, sabis na ɗaukewa yana dawowa. Wai kada ta buɗe abin kai tsaye, sai ta fara gaya wa kwamfuta cewa layin nan rubutu ne, ba lissafi ba. Ta gwada, bai yi ba. Ta sake. Abincinta na rana ya huce a gefe, ko kallonsa ba ta yi ba. Bayan la'asar lambobi suka fito cif, kowace da sifilinta.

Sannan ta ce, "Gari-gari zan jera maka sunayen ko yaya?"

Na ce ta arɗo, don in arɗo ya ji, ruga ta ji. Ta jera haka, kowane arɗo da mutanensa a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya sa ta. Har yau in na tuna ina yi mata addu'a.

Washegari bayan asuba na bar babur a zaure, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na jingina bayana da bango. Arɗon wajen Gwiwa na fara kira. Ya ce jibi suka shirya tashi, amma za su jira allura. Da na gama kira, na taka kasuwa na sayo fura da nono, na kai wa Hajiya ofis.