Goggo Ladidi da Gidanta Mai Cunkoso

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Ladidi, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji. Na so in yi wannan rubutu cikin jimami kamar yadda aka saba, amma duk sa'ad da na zauna zan fara sai in tarar ina dariya ni kaɗai. Haka take ko da ranta, ba a daɗewa kusa da ita da ɗaurarriyar fuska.

Wani shiri da na ji a rediyo kwanan baya ne ya ƙara taso mini da ita. Masana ne ke gardama a kan ko taruwar jama'a da yawa a ƙaramin wuri ita ke jawo talauci. Wannan ya kawo misalin Bangaladash, wancan ya ce to Singafo da Holan fa, da suke a matse amma suna cikin wadata? Wani kuma ya tuna musu da Nijar da Chadi, inda fili ya yi yawa amma aljihu bai cika ba. Na ce a raina, ai wannan gardamar a tsakar gidanmu na Tudun Wada a Minna na fara jin ta, kuma Goggo da mijinta sun kai ta inda masanan ba su kai ba, domin su sai da suka ɗaure kaya suka tafi wajen garin Gwada suka gwada.

Gidan namu mallakin Goggo ne, amma ana haya a ciki, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, mu muna ɓangare guda, sauran duk 'yan haya. Akwai Nna Fati, Banufiya daga Bida mai sayar da bandar kifi, da mijinta da 'ya'yansu. Akwai Maman Rahila daga kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya, wadda waƙoƙin cocinta na safiyar Lahadi har mu mun haddace su. Akwai samari masu koyon kanikanci da ba su taɓa cin abinci a ɗakinsu ba. Igiyar shanya ba ta hutawa, bokitai kuma kullum suna layi a bakin rijiya. Idan ka yi atishawa a ɗakinka, daga ɗaki uku za a ce maka sannu. A ƙofar wannan gida Goggo take kafa tandarta ta waina kowace safiya, kuma kafin hantsi ƙullun ya ƙare.

Mijinta, Baba Shehu, tsohon direban tirela ne da ya sha hanyar Legas. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma zaman zaure da rediyonsa, hayaniyar gidan kuma ta fara ci masa rai.

"Ladidi, na ga Legas da idona," yakan ce. "Mutum a kan mutum, wasu a ƙarƙashin gada suke kwana. Duk inda jama'a suka yi yawa haka, talauci ne ke biyo baya. Mu ma nan can muka dosa."

Ita kuwa ba ta ko ɗaga kai daga tanda. "Malam, jama'ar nan da kake ƙorafi a kai su ne masu sayen wainar da kake ci da ribarta."

Wata shekara dai ya yi nasara. Ya sayi gona a wani ƙauye gaba da Gwada, ya gina ɗakuna biyu, suka tare a farkon damina. Ni aka bar ni wurin Maman Rahila saboda makaranta, sai da aka yi dogon hutu na bi su. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ido ya kai iyakar ganinsa ba ya cin karo da katanga, kunyoyin doya sun yi kore shar, Baba har ya yi ƙiba. Maƙwabtanmu Gwarawa mutanen kirki ne, sai dai kafin ka isa gida mafi kusa ka yi gumi.

Goggo ta ba ni labarin safiyarta ta farko a can tana dariya har da hawaye. Ta jiƙa shinkafa kamar yadda ta saba, ta hura wuta, ta zauna jiran masu saye. Kaji ne kawai suka zo, sai wasu matan Fulani biyu da suka tsaya suka ba ta nono ta ba su waina. Ranar waina suka ci da safe, suka ci da rana, washegari ma ita aka ɗumama. Ta ce shirun wurin har ciwon kunne yake sa ta.

Ina can cikin watan Agusta zazzaɓi ya kama Baba. Muka ɗauka na kwana biyu ne, aka dafa masa ganye, amma sai abin ya ci gaba har ya daina gane mu, tafin hannunsa ya yi fari fat. Ruwan sama kuma ya cika rafin da ke tsakaninmu da titi, babu mota, lokacin waya ba ta kai can ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Goggo ba sai wannan safiyar. Ta ɗaura ɗamara ta nufi gidan maƙwabta cikin taɓo. Mazan gidan suka bar aikin gonarsu, suka cire ƙyauren ɗakinmu suka kwantar da Baba a kai, suka ɗora a kafaɗa suka ratsa rafin da ruwa har ƙirji. A bakin titi muka yi ta jira, har Allah ya kawo wata motar doya da ta yarda ta ɗauke mu.

Da muka shigo Minna, Goggo ta ce a fara tsayawa a gida, don ita ba ta san ƙofar da ake bi a asibiti ba. Ihu ɗaya ta yi a zaure, gidan ya fashe, kowa ya fito. Maman Rahila, wadda dawowarta daga aiki ke nan, ta mayar da farar rigarta ta shiga gaba. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara masa nan take. Kafin mu gama rarraba ido, mijin Nna Fati da samarin kanikawa da ƙanin Maman Rahila sun cika barandar, kowa ya naɗe hannun riga. Aka gwada aka ɗebi na waɗanda ya dace, sauran suka koma gida suna ƙunƙuni wai an raina nasu jinin.

Baba ya tashi. Ranar da aka sallamo shi, Goggo ta zaunar da shi a tsakar gida a gaban kowa ta ce, "To Malam, yanzu jinin Bida da na kudancin Kaduna ne ke yawo a jikinka. Sai ka faɗa mana wa za a kora a rage cunkoso."

Ya yi dariya har da tari, amma bai sallama gaba ɗaya ba. "Da akwai gada da asibiti a can, da ban dawo ba."

"Ai abin da nake gaya maka ke nan tun farko," in ji ta. "Ba mutane ne suka yi yawa ba, abin da aka tanadar musu ne ya yi kaɗan."

A nan gardamarsu ta tsaya, kowa yana ganin shi ya ci. Baba ya ci gaba da noma yana zuwa yana dawowa, kuma duk kaka sai doyarsa ta shiga kowane ɗaki a gidan, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka Goggo ba ta san illar matsi ba. Ta sani sarai. Akwai daminar da kwata ta toshe a layinmu, amai da gudawa ya shigo ya ɗauke mana wata jaririya a gidan da ke kallon namu. Bayan sadakar uku Goggo ta sayar da awakinta duka, ta sa aka rushe garken aka haƙa ƙarin bayi a wurin. Ta bi gida gida ta tattaro mata da tsintsiya da shebur, ta kuma zaune wa mai unguwa a ƙofar gida har sai da maza suka ji kunya suka fito. Haka nan takan ja matan aure ƙanana gefe ta ce su bar jikinsu ya huta tsakanin haihuwa da haihuwa, don uwa in ta faɗi gidan ne duka ya faɗi. Da Allah ya nufe ta da aikin Hajji kuwa, ba labarin dabino ko zamzam ta dawo da shi ba, labarin matan Indunusiya ne. Ta ce sun ninka mu yawa amma ko turereniya ba sa yi, kowace da ɗan ƙyalle iri ɗaya a ka, suna tafiya a jere. Ta so ta kafa mana wannan tsarin a bakin rijiya. Bai kai mako ba ya watse, ita ce ma ta fara tsallake layi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Minna ta yau. Gari ya buɗe, gine-gine sun miƙa ta hanyar Beji inda da gonaki ne. Mutanen ƙauyuka da yawa sun shigo saboda rashin kwanciyar hankali, gonar Baba ma mun daɗe ba mu leƙa ta ba. Na san wannan zai sosa mata rai, musamman in ta tuna mutanen da suka ratsa rafi da mijinta a kafaɗa. Na san za ta yi murna da waya da keke mai ƙafa uku, ta kuma yi faɗa a kan famfon da ba ya kawo ruwa. Amma wanda zai fi shan faɗanta ni ce, da nake zaune a sabuwar unguwa bayan doguwar katanga, ban san sunan matar da ke gida na gaba ba. Masanan rediyo kuwa, ina jin za ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaye su ko a ƙasashen da suka lissafa akwai wanda ya je ya duba kwata da rijiya.

Ba ta bar dukiya ba, in ban da gidan da tandar da 'yarta Hajara ke amfani da ita har yau. Abin da ta bari shi ne hali, kuma ya zauna a gidan ya ƙi fita. A bara wata mata da aka kashe wa miji ta iso da 'ya'yanta daga wajen Shiroro, babu ɗaki ko ɗaya a buɗe. Kafin Hajara ta yanke shawara, samari biyu 'yan haya suka haɗe kayansu a ɗaki guda suka miƙa wa matar mabuɗin ɗayan. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin Goggo.

Juma'ar da ta wuce muka taru a gidan don yi mata addu'a, aka soya waina aka raba wa unguwa. Maman Rahila ta zo daga garinsu da sandarta, Nna Fati ma 'ya'yanta suka kawo ta. Liman ya roƙi Allah ya gafarta wa Goggo, ya haskaka kabarinta, ya yalwata mata shi iyakar ganin ido. Muka shafa. Sai Nna Fati ta ɗaga murya daga cikin mata, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Malam, ƙara addu'a. Idan an ba shi fili, a ba shi maƙwabta. Goggo bai iya zama shi kaɗai ba."

Gidan ya kwashe da dariya, har liman. Sannan ya sake ɗaga hannu ya roƙa mata maƙwabta nagari a Aljanna, muka amsa da amin ɗin da na tabbata an ji shi har bakin titi.