Baba Tanderu da Maɓallansa

Shekara ashirin da bakwai yana narka gilashi a ɗakin gwaje-gwaje, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Tanderu. Girarsa ta hagu ma wuta ta daɗe da lashe ta.

Aikinsa na bana wasu 'yan faya-fayan gilashi ne rawaya, masu kama da maɓallai. Ƙwan fitilar zamani shuɗin haske yake bayarwa, sai an ɗora masa wani gari rawaya yake komawa fari. Da can da roba ake manne garin, amma a manyan fitilu zafi kan ƙona robar ta dafe. Shi ne Dakta, shugabar ɗakin, ta ce a dama garin cikin gilashi. Lissafi nata, wuta tasa: in ta yi yawa ta kashe garin, in ta gaza gilashi ya yi kumfa.

"Malam, ka tsufa kana gasa maɓallai," in ji matarsa kullum. "Ko riga ɗaya ban ga sun rufe ba."

Ranar da masu kamfanin fitilu suka zo ganin aikin, tanderu bai gama hucewa ba. Wata uku na wahala na ciki. Dakta ta shigo da sassarfa.

"Baba, buɗe. Baƙi na jira."

"Su jira, ranki ya daɗe."

"Guda ɗaya kawai za mu ciro!"

"Iskar da za ta shiga ba guda ɗaya za ta gaisar ba. Duk za su tsage."

"Ka san in suka tafi an rufe aikin nan, har da kujerarka?"

Ya sani sarai. Ya jawo kujerar tasa, ya dasa ta a bakin tanderu, ya harɗe hannu. "Gilashi ba ya sanin babban mutum, 'yata. Ki ba su shayi."

Shayi uku baƙin suka sha. Babbansu ya leƙo yana duba agogo. "Dattijo, haihuwa ake yi a ciki?"

"Kusan haka, yallaɓai. Bakwaini kake so?"

Sai bayan la'asar Baba ya kara bayan hannunsa a jikin ƙofar tanderun, ya gyaɗa kai, ya buɗe. Goma sha biyu, babu ko tsaga ɗaya. Dakta ta ɗora guda a kan ƙwan fitila, aka ƙure wuta. Shuɗin ya koma fari tas. Aka bar shi awa biyu, wani na roba da aka kunna a gefe ya fara dafewa, na Baba ko gezau.

Babban baƙon ya miƙa wa Dakta hannu. Ta nuna masa kujerar Baba. "Can za ka fara."

Da Baba ya koma gida, ya ajiye wa matarsa guda ɗaya a tafin hannu.

Ta juya shi, ta taɓe baki. "Ba ko huda." Amma sai ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta nufi gidan maƙwabciya.