Ranar da Mailafiya Ya Kai Babansa Kallon Zaki

Mailafiya ya shigo London a 1980 da niyyar karatun injiniya, amma karatun bai yi nisa ba, ya ƙare a tuƙin bas mai hawa biyu tsakanin Catford da Peckham. Mutum ne mai gudun abin magana. Ba ya makara, ba ya ɗaga murya, kuma babu abin da yake tsoro kamar a ce wani Bature ya dube shi ya girgiza kai. Shi da matarsa Murja da 'yarsu Karimatu suna zaune a flat ɗin council, gidan hayar gwamnati, a hawa na uku, maƙwabta har mantawa suke yi da akwai mutane a ciki.

Mahaifinsa, Malam Maje, tsohon maharbi ne a wani ƙauye kusa da Alkaleri. A 1988 yanar ido ta rufe masa gani, Mailafiya ya yi ƙoƙari ya kawo shi aka yi masa aiki. Da aka cire bandeji likita ya tambaye shi, tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi, garau." Kowa ya yi murna.

Sai dai zaman flat ya ishe shi. Yini yake a bakin taga da carbi, ba ya magana sai da Karimatu, wadda take shekara tara a lokacin. Yana kiranta amaryarsa, tana mayar masa da Turanci gauraye da guntuwar Hausa, su yi ta dariya. Mailafiya ya ce a ransa bari ya faranta wa tsohon. Akwai wani gandun namun daji a wajen gari, inda mutum ke shiga da motarsa yana tafiya a hankali, dabbobi suna yawo a sake. Ranar Asabar ya wanke tsohuwar motarsa, Murja ta soya kaza ta zuba shayi a fulas, suka kama hanya. Ita a gaba, Baba da jikarsa a baya.

A ƙofar shiga wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce kada a buɗe gilashi, kada a fita, ko me ya faru. Mailafiya ya fassara wa Baba. Baba ya ce, "To."

Suka wuce raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo cikin yayyafi. A wajen birai, wani ƙato ya haye kan motar ya ɓalle waifa guda mai share ruwan gilashi ya gudu da ita, Karimatu ta yi ta ihu don daɗi. Mailafiya yana ta nuni. "Baba, ga karkanda can. Baba, ka ga ɓauna?" Tsohon yana cewa, "Na gani, na gani." Ta madubi Mailafiya ya ga yana sunkuyawa yana raɗa da yarinyar, ya ɗauka wasansu ne na kullum.

Sai aka buɗe musu ƙofar ƙarfe biyu, suka shiga wajen zakuna. Guda shida ne, suna kwance a gindin wata bishiya, babban namijin bai fi taku goma daga hanya ba. Motoci suka jeru, kowa ya yi tsit. Can Mailafiya ya ji iska mai sanyi a ƙeyarsa. Ya waiga, sai ya ga Baba ya sauke gilashi har ƙasa, ya fitar da kansa, ya ɗaga hanci.

Nan take motar masu gadi ta taso da gudu, wani ya ɗauki lasifika yana ihu a rufe taga. Mutanen sauran motocin duk suka juyo. Mailafiya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai san lokacin da ya daka tsawa ba.

"Baba, rufe! Me kake yi haka? Nan ba ƙauye ba ne! Za ka kunyata mu a gaban mutane!"

Murja ta dafa hannunsa, ta ce a hankali, "Baban Karimatu." Amma maganar ta riga ta fita. Tsohon ya mayar da kansa ciki, ya lalubi mariƙin, ya murɗa gilashin ya rufe. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam." Bai taɓa kiran ɗansa Malam ba sai ranar.

Suka ƙarasa zagayen. Da suka tsaya cin abinci, Baba ya ce ya ƙoshi. Mailafiya ya so ya ba shi haƙuri a daren, sai ya ce a ransa bari sai da safe. Da safe yana da aiki. Bayan mako biyu tsohon ya ce damina ta yi nisa, gonarsa na jiransa. A filin jirgi ya sa wa ɗansa albarka kamar yadda ya saba, babu ragi. Bai cika shekara da komawa ba Allah ya yi masa rasuwa, kuma Mailafiya bai iso gida ba sai bayan sadakar bakwai.

Shekaru suka wuce, aka ma rufe gandun. A 1997, Karimatu tana shirin tafiya jami'a, ita da babanta suna zaune a kicin da rana aka nuno zakuna a talabijin. Ta ce, "Daddy, ka san Kaka bai ga komai ba ranar nan, ko?"

"Wace rana?"

"A safari park. He couldn't see. Ni nake gaya masa. Yana tambayata wane launi, babba ne ko ƙarami, yana kallonmu ko yana barci. Ban san sunayensu da Hausa ba, sai in ce mai dogon wuya, shi kuma ya gaya mini sunan."

Mailafiya ya ajiye kofinsa. "Amma an yi masa aiki."

"Aikin bai yi ba. Inuwa kawai yake gani. Ya ce kada in gaya maka, wai ka sha wahala a kansa." Ta ci gaba da cewa, "Da muka zo wajen zakuna ya ce mini shekara arba'in yana yawo a daji, sau ɗaya ya taɓa jin kukan zaki daga nesa, bai taɓa ganinsa ba. Ya ce tunda ido ya ƙi, bari ya ji warinsa."

Mailafiya ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Murja ta ji shi yana kuka, abin da bai yi ba ko ranar da aka bugo wayar rasuwar. Ta kira wajen aikinsa ta ce ba shi da lafiya.

Bayan shekara biyu ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Ya je Alkaleri shi da Karimatu, ƙanwarsa Rukayatu ta raka su maƙabarta. Ciyawa ta rufe wurin, sai da aka kira wani tsoho ya nuna musu wajen da yake zaton kabarin yake. A nan suka tsaya suka yi addu'a.