Mutanen Kawu Illa na Cikin Gilashi

Ina kan keken ɗinki a Sabon Gari Inna Zuwaira, matar Kawu Illa, ta kira ni. Ta ce, "Sani, kawunka ya cika." Sannan ta ce, "Bayan bakwai ka zo ka ɗauke mutanen nan nasa, in ba haka ba in zubar."

Duk wanda ya san Kawu Illa ya san mutanen. Tun da ya bar koyarwa a lakwal, makarantar bokon da ta sa ake ce masa Mushe, wato malami, yake hawa babur zuwa Jiratawa, ya ɗebo koren ruwa, ya juye a ɗan akwatin gilashi a zaure. Sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin tsohon mikroskof ɗinsa, madubin nan mai girmama ƙananan halittu, ya wuni yana leƙe.

Baƙo ba ya samun ruwan sha sai ya leƙa tukuna. Limamin unguwa ya leƙa sau ɗaya, ya zabura.

"Subhanallahi! Mushe, mi ne na wanga mai gashi yana gudu?"

"Maƙwabcinka ne, Malam. Ka gaishe shi."

Da aka kawo ruwan, Liman ya ce shi azumi yake.

Wata rana Inna ta sayo 'yan kifi masu rai, ta rasa inda za ta sa su, ta jefa a gilashin kafin ta hura wuta. Kawu ya dawo ya leƙa, ya ɗora hannu a ka.

"Zuwaira! Kin cinye mini gari guda!"

"Gari? Su nawa ne?"

"Jama'ar garin Tibiri kaf ba ta kai su ba!"

Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wai a zo masa gaisuwa. Wallahi mutum uku sun zo. Kifin kuwa shi ya ci biyu, ya ce ramuwa ce.

Da ciwo ya kwantar da shi ya ce mini, "Kar ka bari a zuba su a kwata. Inda na ɗebo su za ka maida su."

"Ina ne wurin, Kawu?"

"Kai da gaggawa! In na tashi mu tahi tare."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa.

Gilashin yana shagona yanzu. Sau biyu na je Jiratawa ina tambayar masu noman zogale. Har yau ban gano wurin ba.