Ɗunɗun da ke kan kabarin Baba

Ko zan manta komai na shekarun karatuna a Kaura Namoda, ranar da na je neman kabarin mahaifina ba za ta bar zuciyata ba.

Baba ya rasu da damina, bayan gajeruwar jinya, a ƙauyenmu da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi. Ba a daɗe ba hare-hare suka tashi garin gaba ɗaya, muka dawo Kaura. Ni yaro ne marar surutu, amma abin da na gani ba ya ɓace mini. Ranar jana'iza na lura da wani ɗan ɗunɗu, icen nan mai ƙaya, daidai kan kabarin, furanninsa na reto, sama ja-ja, ƙasa rawaya. Na riƙe wannan a raina, na ce ita ce alamata.

Bayan shekaru, da aka ce hanya ta ɗan lafa, Inna ta kira ni ta ce, "Ka tafi ka gano mini ubanka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Na ɗauka so take in gyara kabarin, in tayar da ƙasarsa, in kafa masa dutse. Na yi mata alkawari da gaba gaɗi.

Baffana, ƙanin Baba, shi ya ɗauke ni a babur. Mutum ne mai barkwanci, tun daga Moriki yake tsokanata. "Malam mai littafi, ka dai riƙe ni da kyau, kar iska ta ɗauke ka da ilminka."

Da muka isa, sai na kasa gane inda nake. Gidaje sun rushe, wannan na yi tsammani. Maƙabartar ce ban yi tsammani ba. Ɗunɗu ya cinye ta ƙaf. Ashe in aka bar shi, ta saiwa yake bin ƙasa yana tsirowa. Ko'ina ƙaya, ko'ina furanni iri ɗaya na reto.

"To, wanne ne naka?" in ji Baffa.

Na ce mai ja da rawaya.

"Kai ɗana, mi kaka faɗi? Fari da rawaya ne. Ni na shiga ramin nan da ƙafata."

Muka tsaya muna gardama a tsakiyar matattu. Na nuna masa ja, ya nuna mini fari. Can na duba da kyau, sai ga su biyu a reshe guda: sabon fure ja, wanda ya kwana biyu ya koɗe ya yi fari. Dukkanmu muna da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta amfane mu da komai ba.

Na kutsa ta gabas, ƙaya ta yage mini riga. Na koma ta inda nake zaton ƙofa take, na ga tudu, na ce nan ne. Na matsa kaɗan, wani tudun. Har na fara shakkar ko daga dama muka shigo da gawar ko daga hagu. Baffa ya daina wasa. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce a hankali, "La'asar ba ta iske mu nan." Muka tsaya daga gefe, muka yi wa duk wanda ke ciki addu'a, muka hau babur.

Duk hanya ina juya abin da zan ce wa Inna. Har na yi tunanin in ce na gani, lafiya lau yake. Da na shiga gida na durƙusa, bakina ya ƙi faɗin ƙarya.

"Inna, ban gane shi ba. Ɗunɗu ya rufe wurin."

Ta dubi rigata. "Duka ya rufe?"

"Duka. Ko akuya ba ta shiga."

Sai ta sauke numfashi, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. "Alhamdu lillahi. Ni shekarun nan ba na barci, ina ganin shanu na tattaka shi."

Ta tashi ta zubo mini tuwo. Na zauna da kwano a gabana, ban san ko in yi kuka ko in ci ba.

Tun ranar na koyi cewa in mutum ya aike ni, in daure in tambaye shi abin da ke damunsa. Na wuni cikin ƙaya ina neman tudu guda, alhali ita Inna ƙayar take roƙon Allah a ce tana nan.